Janar John Cope: Sojan da Waƙa Ta Ɓata wa Suna

Ya kai ɗalibi, idan ka dubi taswirar Birtaniya, za ka ga ƙasar Sikotlan a arewa da Ingila. A can ne aka yi wani tawaye a shekarar 1745, wanda ya zubar da mutuncin wani babban hafsan soja mai suna John Cope.

An haifi Cope a Ingila a ƙarshen ƙarni na 17. Ya shiga aikin soja tun yana saurayi, ya kuma taɓa zama ɗan majalisar dokoki. A shekarar 1743 ya nuna jaruntaka a yaƙin Dettingen, a ƙasar Jamus, har Sarki George na Biyu ya ba shi lambar girma. A 1745 shi ne shugaban dakarun gwamnati a Sikotlan.

Kafin ka fahimci tawayen, sai ka san tushensa. A shekarar 1688 aka tuɓe Sarki James na gidan sarautar Stuart. Jikansa, Yarima Charles, ya ƙudura niyyar ƙwato gadon. Ya taso daga Faransa, ya sauka a yammacin Sikotlan a watan Yuli na 1745, wasu ƙabilun kan duwatsu suka yi masa mubaya'a.

A lokacin, yawancin ƙwararrun sojojin Birtaniya suna fagen fama a Turai. Waɗanda suka rage a hannun Cope 'yan kaɗan ne, galibinsu sababbin shiga, ba su taɓa jin ƙamshin albarushi ba. Duk da haka ya nufi arewa da su. Da ya ji cewa 'yan tawaye sun tare wata ƙuntatacciyar hanya a tsakanin duwatsu, sai ya kauce, ya tafi Inverness. Wannan ya bar hanyar kudu a buɗe. Cope ya kwaso mutanensa a jiragen ruwa daga Aberdeen zuwa Dunbar, amma ya makara, domin Charles ya riga ya shiga Edinbara, babban birnin ƙasar.

Rundunonin biyu suka ja dāga a kusa da garin Prestonpans. Cope ya zaɓi wuri mai kyau, akwai fadama tsakaninsa da abokan gaba. Sai dai cikin dare wani ɗan yankin ya nuna wa 'yan tawaye wata 'yar siririyar hanya da ta ratsa fadamar. Da asubahin ranar 21 ga Satumba suka auka wa sojojin gwamnati da takubba. Masu harba igwa suka tsere, mahaya dawaki suka bi bayansu. Cope ya yi iya ƙoƙarinsa ya tsai da su, abin ya faskara. Kafin rabin sa'a an gama yaƙin. An kashe ɗaruruwan mutanensa, aka kama wasu da yawa, shi kuwa ya janye da sauran zuwa Berwick.

Ba a murƙushe tawayen ba sai a watan Afrilu na 1746, a yaƙin Culloden. A wannan shekara aka kafa kwamitin manyan hafsoshi don bincikar Cope. Kwamitin ya wanke shi, ya ɗora laifin a kan sojojin da suka gudu. Amma wani manomi mai suna Adam Skirving ya riga ya yi masa waƙar zambo, wadda ta nuna shi a matsayin matsoraci. Ka san Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Mutane kaɗan ne suka karanta rahoton kwamitin, waƙar kuwa ta bazu ko'ina. Har yau sojojin Sikotlan suna busa karinta don ta da barci da asuba.

Ba a ƙara ba Cope jagorancin wata babbar runduna ba, har ya rasu a 1760. Saboda haka, duk lokacin da ka ji ana zagin wani mutumin da, ka bincika ko alƙalai ne suka same shi da laifi, ko kuwa mawaƙa ne.

Tambayoyi

1. Me ya kawo Yarima Charles ƙasar Sikotlan?
2. Yaya 'yan tawaye suka ƙetare fadama?
3. Wane hukunci kwamitin bincike ya yanke?