Kyaftin Clapperton, Baƙon Sarkin Musulmi Bello Da Ya Rasu A Sakkwato

Duk wanda ya zauna aji a ƙasar nan ya ji sunan Clapperton a darasin tarihi, a jere da su Mungo Park, watau Turawan da suka shigo neman sanin inda kogin Kwara ya nufa. Amma abin da akan koya wa yara bai wuce shekarar zuwansu da sunayen garuruwan da suka ratsa ba. Mu kuwa yau wani gefe na labarin muke so mu duba, watau yadda mutumin nan, Kirista a tsakiyar birnin Shehu, ya riƙe addininsa a fili, da yadda masu masaukinsa suka zauna da shi a kan haka har ajalinsa ya zo. Muna ganin akwai abin lura a ciki ga malamin makaranta da akawun ofis, waɗanda kullum aiki yake haɗa su da mutanen da ba addininsu ɗaya ba.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Hugh Clapperton ran 18 ga Mayu, 1788, a wani gari da ake kira Annan, cikin ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. Ubansa likita ne, amma shi yaron bai yi nisa da karatu ba. Yana da shekara 13 aka sa shi koyon aiki a jirgin ruwan fatauci mai zirga-zirga tsakanin Libaful da Amurka. Daga nan ya koma jiragen yaƙi na Sarkin Ingila, ya yi aiki a tekun Indiya, sa'an nan a 1814 aka tura shi Kanada, inda ya sami hafsa, har aka danƙa masa jirgi a manyan tafkunan ƙasar. Da yaƙi ya ƙare aka mai da shi gida a 1817, yana karɓar rabin albashi, ba aikin yi.

A 1820 ya haɗu da wani likita, Walter Oudney, wanda Gwamnatin Ingila ta ke shirin aikawa Barno. Clapperton ya nemi ya bi shi, aka yarda, aka haɗa su da na uku, Manjo Denham. Suka tashi daga Tarabulus a 1822, suka bi ta Murzuk, suka ƙetare hamada tare da ayarin Larabawa, suka iso Kukawa ran 17 ga Fabrairu, 1823, Shehu Laminu ya sauke su.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa tun a nan. Waɗansu Turawan da suka riga su shiga hamada sun yi shigar Larabawa, sun ce su Musulmi ne, don tsoron abin da zai same su. Waɗannan kuwa ba su ɓoye cewa su Nasara ne ba. Clapperton ya ɗauki sunan tafiya, Abdullahi, don ya yi sauƙin kira a bakin mutane, kuma da sunan nan aka san shi daga Kukawa har Sakkwato. Amma duk inda aka tambaye shi addininsa, sai ya faɗa.

Zuwansa na fari

A Disamba, 1823, shi da Oudney suka bar Denham a Barno suka nufo ƙasar Hausa. Oudney dama ba shi da lafiya, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairu, 1824, abokin tafiyarsa ya binne shi, ya ci gaba shi kaɗai. Ya shiga Kano ran 20 ga Janairu, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000. Ran 16 ga Maris ya iso Sakkwato, aka sauke shi a hannun Waziri Gidaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Kashegari aka kai shi gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda a lokacin ya shekara bakwai bisa gadon mahaifinsa.

Baƙon ya zo da shirin maganar ciniki da ta kogi, sai ya tarar da malami. Bello ya shiga tambayarsa rabe-raben da ke cikin addinin Nasara, ya kira masa sunayen ƙungiyoyinsu na da, ya nemi ya san ko Ingilishi Nestoriyawa ne, watau tsohuwar ɗarikar Kiristan gabas ta wajen Iraƙi da Farisa, ko kuwa Sosiniyawa ne, masu ƙin aƙidar uku cikin ɗaya. Clapperton ya amsa cewa su Furotestan ne. Da tambayoyi suka yi zurfi, sai ya fito fili ya ce iliminsa bai kai nan ba, irin waɗannan al'amura ya bar wa waɗanda suka fi shi karatu. Shi da kansa ya rubuta wannan a littafin tafiyarsa, bai rufa wa kansa asiri ba.

To, jama'a, a duba zaman nan. Mai gida ya san addinin baƙonsa daga littattafai fiye da yadda baƙon ya zata, kuma ya yi tambayar don neman sani, bai tilasta masa barin abin da yake kai ba. Baƙo kuwa bai yi ƙaryar sani ba, bai kuma yi ƙaryar musulunta don ya sami shiga ba. Kusan mako bakwai suka yi suna ganawa. Bello bai bar shi ya wuce Yawuri da Nufe ba, saboda hanyar ba ta da lafiya, amma ya sa aka zana masa taswirar ƙasa, aka ba shi wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kuma ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, a kan ciniki, da aiko da jakada da likita, da hana kai bayi bakin teku. Clapperton ya bar Sakkwato ran 4 ga Mayu, 1824, farkon watan azumi, ya bi ta Katsina ya koma Barno, ya isa Ingila a Yuni, 1825.

Zuwansa na biyu

Bai yi wata uku a gida ba aka sake turo shi da amsar takardar, wannan karon ta teku. Ya tashi daga Badagiri a Disamba, 1825. Kafin wata ya ƙare zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu, Kyaftin Pearce da Likita Morrison. Cikin waɗanda suka rage masa akwai baransa, wani saurayi mai suna Richard Lander, da kuma tafintansu, wani tsohon Bahaushe da ya yi aiki a jiragen Ingila, ana kiransa Pasko. Suka ratsa ƙasar Yarabawa da Bargu, suka ƙetare Kwara kusa da Busa, inda Mungo Park ya halaka, suka bi ta Nufe da Zazzau, suka shiga Kano a Yuli, 1826.

A Oktoba ya sadu da Bello a sansanin yaƙi kusa da Konya, ana fama da Gobirawa. Cikin gaisuwar da ya kawo daga Sarkin Ingila akwai littattafai na Larabci: littafin lissafi na Iƙlidis, da na Ibn Sina, da Zabura, da Sabon Alkawari, watau Linjila da abin da ke biye da ita. Bello ya yi murna ƙwarai da na lissafin, ya gaya masa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wanda aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Clapperton dai ba mai wa'azi ba ne, jakada ne, kuma ba ƙungiyar mishan ce ta aiko shi ba. Littafin addininsa ya shiga Sakkwato ne a matsayin kyauta ga malami mai tara littattafai, kuma a haka aka karɓe shi.

Sai dai zamani ya riga ya juya. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi kuwa baƙon yana ɗauke da takarda da kyautai, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu. Bello ya sa aka kawo Lander da kayan daga Kano, ya karɓe takardar da kyautan, ya hana tafiya Barno. Clapperton ya husata, ya ga an keta alfarmar jakada, har ya gaya wa Waziri magana mai zafi. Bello kuwa ya ga ba sarkin da zai bari a ratsa ƙasarsa a kai wa abokin gabansa makami ana tsakiyar yaƙi. Ban da haka, ana ta raɗe-raɗin cewa haka Ingilishi suka shiga Indiya da ɗaya ɗaya har suka cinye ta. Ba mu iya cewa tsoron nan na banza ne, tun da shekara 76 bayan haka, a Maris, 1903, sojan Ingila suka ci Sakkwato. Kowannensu yana da hujjarsa. Abin lura shi ne, duk zafin saɓanin nan a kan sha'anin mulki ya tsaya, ba wanda ya juya shi ya zama na addini. Ba a ɗaure baƙon ba, ba a kore shi daga masaukinsa ba, ba a kuma hana shi ibadarsa ba.

Ciwon ajali

Ran 12 ga Maris, 1827, atuni ya kwantar da shi, ga zafin bazara irin na Sakkwato, ga ɓacin rai na ganin aikinsa ya rushe. Lander, yana ɗan shekara 23, shi ne mai jinya, shi ne mai dafuwa, shi ne mai fifita. Kowace rana yakan karanta masa wani abu daga Sabon Alkawari, da Zabura ta 95, wadda majinyacin ba ya gajiya da jin ta. Ran Lahadi kuma ya ƙara da addu'o'in Ekklesiyar Ingila. Jama'arsu ke nan gaba ɗaya, mutum biyu a ɗakin soro.

Ga wanda ya lissafa kwanakin, akwai abin da zai gani. Kirista da yawa suna da azumi na kwana 40 kafin idinsu na Ista, ban da ranakun Lahadi, don tunawa da kwana 40 da Linjila ta ce Isa Almasihu ya yi yana azumi a jeji. Nasu ba kamar na Ramalan yake ba. Galibi rage ci ne, da barin nama da abubuwan marmari, da yawaita addu'a da sadaka. A shekarar 1827 azumin nan ya kama ran 28 ga Fabrairu, watau dukan jinyar Clapperton a cikinsa ta faɗo. Ƙarshen Maris kuma watan Ramalan na 1242 ya tsaya, birni duka ya ɗauki azumi. Jumma'ar ƙarshe kafin Ista ita Kirista ke kira Jumma'a Mai Kyau, ranar da suke tunawa da gicciye Almasihu bisa ga imaninsu, da azumi da karatun labarin a majami'u. Musulmi kuwa, kamar yadda kowa ya sani, sun riƙe cewa ba a gicciye Annabi Isa ba, Allah ne Ya ɗauke shi. A shekarar nan Ista ta faɗo ran 15 ga Afrilu. Clapperton ya cika da asubahin 13 ga Afrilu, a hannun baransa, yana da shekara 38. Watau ya rasu ranar Jumma'a Mai Kyau, a tsakiyar watan Ramalan.

Lander ya aika wa Sarkin Musulmi yana neman izinin binne ubangidansa bisa al'adarsu, aka ba shi, aka kuma turo waɗanda za su haƙa kabari. Aka ɗora gawar bisa raƙumi, aka lulluɓe ta da tutar Ingila, aka kai ta wani ƙauye mai nisan kamar mil 5 daga birni. A nan saurayin ya buɗe littafin addu'a ya karanta addu'ar jana'iza, ba wanda ke sauraronsa. Daga baya ya sa aka gina 'yar bukka bisa kabarin.

Abin da ya biyo baya

Bello ya sallami Lander, ya koma ta Kano zuwa Badagiri da takardun ubangidansa, ya isa Ingila a 1828, aka buga su a 1829. A 1830 shi da ƙanensa John suka bi Kwara cikin kwalekwale daga Busa har teku, suka warware tambayar da ta ci ran Park da Clapperton. Hanyar nan ce masu bishara suka biyo daga baya. A 1841 Schön da Samuel Ajayi Crowther suka hau kogin, Schön ya duƙufa kan Hausa har ya fassara Linjilar Matta a 1857, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1964 Sakkwato ta sami bishop na Katolika, a 1990 kuma na Angilika, a garin da a 1827 mutum ɗaya tak ya tsaya bakin kabari da littafin addu'a.

Clapperton bai sami abin da ya zo nema ba. Yarjejeniyar ciniki ba ta ƙullu ba, bai ga bakin Kwara ba, kuma yana da saurin fushi, wanda ya ƙara masa wahala. Amma ya zo da addininsa a fili, ya mutu a kansa. Sarkin Musulmi Bello kuma, ko da ya saɓa da shi a kan sha'anin yaƙi, ya riƙe amanar baƙunci har bakin kabari. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Malamin da zai koyar da wannan babi na tarihi, muna roƙonsa kada ya tsaya ga shekaru da sunayen garuruwa kaɗai. Ya gaya wa yara yadda mutanen nan biyu suka zauna suka yi tambaya da amsa a kan addini da ladabi, domin yaran da ke gabansa, Musulmi da Kirista, gobe su ne za su haɗu a ofis ɗaya da kasuwa ɗaya.