Rufaida Al-Aslamiyya: Sahabiyar da ta kafa hemar jinya a Masallacin Annabi (SAW)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammad, da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Idan ana tarihin matan sahabbai, yawanci hankali kan tafi ga Uwayen Muminai, ko ga waɗanda suka shahara da ruwayar hadisi. Amma akwai wata baiwar Allah da sunanta ya shiga littattafan tarihi ta hanyar wanke raunuka da ɗaure su, da kwana a kan marasa lafiya. Ita ce Rufaida Al-Aslamiyya (RA), wadda masu nazarin tarihin kiwon lafiya ke ɗauka a matsayin ma'aikaciyar jinya ta farko a Musulunci.

Sunanta da danginta

Ana jingina ta ga ƙabilar Banu Aslam, ɗaya daga cikin ƙabilun da ke zaune tsakanin Makka da Madina, waɗanda Manzon Allah (SAW) ya yi wa addu'ar aminci kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Wasu malamai kuma sukan kira ta Al-Ansariyya, saboda a Madina ta rayu, a cikin Ansar ta yi hidimarta.

Ibn Ishaƙ, mai littafin Sira, ya ambace ta da sunan Rufaida, haka ma Imam Bukhari a cikin Al-Adabul Mufrad. Shi kuwa Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a shekara ta 230 bayan Hijira, ya kawo labarin matar da ke da hema a masallaci a littafinsa Aɗ-Ɗabaƙat da sunan Ku'aiba bint Sa'ad Al-Aslamiyya, ya ce ta yi mubaya'a bayan Hijira. Siffar aikin ɗaya ce, wurin ɗaya ne, majinyacin da aka ambata ma ɗaya ne. Wannan ya sa da yawa daga masu bincike suka tafi a kan cewa mace guda ce aka sani da sunaye biyu.

Madinar da ta yi aiki a cikinta

Don a fahimci nauyin da ta ɗauka, sai an dubi halin da Madina ke ciki a lokacin. Gari ne da aka san shi da zazzaɓi. Da Muhajirai suka iso, Sayyidina Abubakar da Bilal (RA) duk sun kwanta, har Manzon Allah (SAW) ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina, Ya ba ta lafiya, Ya ɗauke mata zazzaɓin. Ga kuma baƙi da suka baro gidajensu da danginsu, wasunsu ba su da makwanci sai rumfar masallaci, su ne ake kira Ahlus Suffa. A al'adar Larabawa dangi ke jinyar mutum. Wanda ba shi da uwa ko mata ko 'yar'uwa a gari, idan ciwo ya kayar da shi, sai ya rasa mai ba shi ko da ruwan sha.

Bayan haka yaƙe-yaƙe suka biyo. A Uhudu kaɗai, shekara ta 3 bayan Hijira, Musulmi 70 suka yi shahada, waɗanda suka dawo da sara da suka da harbin kibiya kuwa ba su da iyaka. Babu asibiti, babu allurar kashe zafi, babu maganin da ke hana miki ruɓewa irin na yau. Abin da ke hannun mutane shi ne ruwa, da ƙyallen ɗauri, da zuma, da ƙaho, da ƙona bakin jijiya da ƙarfe mai zafi idan jini ya ƙi tsayawa. A ranar ta Uhudu, lokacin da aka raunata fuskar Manzon Allah (SAW), Nana Faɗima ce ke wanke jinin, Sayyidina Ali na zuba ruwa daga cikin garkuwa. Da ta ga ruwan ƙara jinin yake yi, sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar a kan raunin, jinin ya tsaya. Irin wannan ilimi na gwaji da lura shi ne jarin masu jinya a wancan zamani.

Hema a cikin masallaci

Mata da dama sun yi wa mayaƙa hidima a fagen fama. Nana A'isha da Ummu Sulaim sun yi ta jigilar salkunan ruwa a bayansu ranar Uhudu. Rubayyi'u bint Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke shayar da mayaƙa, su yi musu hidima, su mayar da masu rauni da waɗanda suka rasu Madina. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi bakwai tana dafa abinci, tana yi wa masu rauni magani, tana kula da marasa lafiya.

Abin da ya bambanta Rufaida shi ne ta mayar da aikin na dindindin, ta kuma ba shi mazauni. Tana da hema a cikin Masallacin Annabi (SAW), inda kowa ya san nan ake kai mai rauni. Ibn Ishaƙ ya siffanta ta da abu biyu: tana yi wa masu rauni magani, sannan ta sadaukar da kanta ga hidimar duk Musulmin da ya rasa mai kula da shi, tana neman lada wurin Allah. Siffa ta biyun ta fi nuna girman aikin, domin yaƙi yana zuwa ya wuce, amma marar gata kullum akwai shi.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san abin da wannan ke nufi. Akwai wankin miki safe da yamma, da canza ɗauri, da jure warin ƙwarnanniyar mugunya. Akwai juya majinyacin da ba ya iya juya kansa, da lallashinsa ya kurɓi abin da zai riƙe masa ciki, da sauraron nishinsa cikin dare sa'adda gari ya yi tsit. Akwai kuma haƙuri da zafin ran wanda ciwo ya gigita. Wannan shi ne abin da Rufaida ta zaɓa wa kanta, a kan mutanen da ba danginta ba, ba tare da albashi ba.

Samuwar hemar a cikin masallaci ma darasi ce. Imam Bukhari ya ware babi a Sahihinsa kan kafa hema a masallaci domin marasa lafiya. Wato wuri mafi daraja a Madina, inda ake salla ana saukar da hukunci ana karɓar baƙi, an yarda a keɓe wani ɓangare nasa ga masu ciwo.

Jinyar Sa'ad bin Mu'az

Babban abin da ya sa tarihi ya riƙe sunanta ya faru ne a Yaƙin Khandaƙ, wanda muka fi sani da Yaƙin Gwalalo, a watan Shawwal na shekara ta 5 bayan Hijira, daidai da 627 Miladiyya. Ƙuraishawa da ƙawayensu, kimanin mutum 10,000, suka yi wa Madina ƙawanya. Musulmi kimanin 3,000 suka tsaya a bayan ramin da suka haƙa bisa shawarar Salmanul Farisi, cikin tsananin sanyi da yunwa.

Nana A'isha tana cikin ganuwar Banu Harisa tare da mahaifiyar Sa'ad bin Mu'az, shugaban ƙabilar Aus, sai ya wuce su sanye da sulken da bai rufe masa hannu ba. Ta nuna wa mahaifiyarsa fargabarta a kan gajartar sulken. Abin da ta ji wa tsoro kuwa shi ya auku: wani Baƙuraishe da ake kira Ibnul Ariƙa ya harbe shi da kibiya, ta tsinke masa babbar jijiyar hannu. Irin wannan rauni ne da Larabawa suka san wuya a tashi daga gare shi. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya ƙona bakin jijiyar don tsayar da jinin, da hannun ya kumbura ya sake yi karo na biyu.

Sa'ad shugaba ne mai gida da dangi masu yawa a unguwar Banu Abdil Ash-hal. Duk da haka Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kai shi hemar Rufaida, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Nan akwai shaida babba a gare ta, domin ba a danƙa ran mutum kamar Sa'ad sai a hannun wanda aka yarda da ƙwarewarsa da amanarsa. Ruwayar Al-Adabul Mufrad ta nuna cewa Manzon Allah (SAW) yakan biyo da yamma ya tambaye shi yadda ya wuni, ya biyo da safe ya tambaye shi yadda ya kwana.

Makonni Sa'ad ya yi a hannunta. A cikinsu ne aka yi wa Banu Ƙuraiza ƙawanya ta kwana 25 saboda warware alkawari da suka yi lokacin yaƙin, har suka amince da hukuncinsa. Daga wurin jinyarsa aka ɗauko shi a kan jaki da aka shimfiɗa wa matashin fata, ya je ya yanke hukunci, aka dawo da shi. Sa'ad ya riga ya roƙi Allah cewa idan sauran yaƙi da Ƙuraishawa ya rage a raya shi dominsa, idan kuwa ya ƙare to a sanya wannan rauni ya zama shahadarsa. Ba a daɗe ba raunin ya fashe. Mutanen Banu Gifar da ke da wata hema a cikin masallacin ba su ankara ba sai ganin jini suka yi yana gangarowa wajensu. Da wannan rauni ya cika, yana ɗan shekara 37, aka binne shi a Baƙi'a. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Al'arshin Mai rahama ya girgiza saboda rasuwarsa.

A nan akwai ɗacin da kowace ma'aikaciyar jinya ta sani. Za ta ba da ƙarfinta da barcinta, ta ga alamun sauƙi har ta fara sa rai, sannan ajali ya zo ya ɗauke majinyacin a gabanta. Rufaida ta ɗanɗani wannan a kan mutum mafi daraja da aka taɓa kwantarwa a hemarta. Wahalarta ba ta tafi a banza ba, domin kwanakin da Sa'ad ya samu a ƙarƙashin kulawarta su ne kwanakin da ya cika aikinsa na ƙarshe ga al'umma, kuma lada yana rataye ne da niyya da ƙoƙari, waraka kuwa ta Allah ce.

Khaibar da abin da ya biyo baya

A shekara ta 7 bayan Hijira, da za a fita Khaibar, wasu mata na Banu Gifar, cikinsu har da Umayya bint Ƙais wadda take yarinya a lokacin, suka nemi izinin bin runduna don yi wa masu rauni magani, Manzon Allah (SAW) ya ba su izini da sa albarka. Ibn Sa'ad ya ambaci Ku'aiba Al-Aslamiyya cikin waɗanda suka halarci wannan yaƙi. Abin da aka saba, kamar yadda Ibn Abbas ya bayyana, shi ne a yi wa mata masu jinya kyauta daga ganima ba tare da yanka musu kaso ba. Amma Ibn Abdil Barr ya kawo a Al-Isti'ab, daga ruwayar Waƙidi, cewa ita an ba ta kaso daidai da na namiji mayaƙi.

Malaman da suka tattara tarihin sahabbai sun adana sunanta, ciki har da Ibn Hajar Al-Asƙalani, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira, a littafinsa Al-Isaba. Ta yi aikinta sama da shekara 1,200 kafin Florence Nightingale ta Ingila, wadda ta yi suna a Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, kuma ake jingina mata tsarin jinya na zamani. A yau makarantun koyon jinya da dama a ƙasashen Musulmi suna ɗauke da sunan Rufaida, har da kwalejin jinya ta Jami'ar Hamdard da ke birnin Delhi a Indiya.

Abin lura ga gidajenmu

Na farko, jinya ibada ce. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya, kuma hadisin ƙudusi a Sahihu Muslim ya nuna cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan marar lafiyan da bai je ya duba ba. Idan wannan ne matsayin mai leƙawa ya yi sannu ya tafi, ina ga wadda ta kwana tsaye a kansa?

Na biyu, shari'a ba ta rufe wa mace wannan ƙofa ba. Imam Bukhari ya yi babi kan mata suna yi wa masu rauni magani a yaƙi, malamai kuma suka fitar da hukuncin halaccin mace ta yi wa namijin da ba muharraminta ba magani idan lalura ta kama, gwargwadon buƙata, tare da kiyaye sutura da mutunci. Sau da yawa magidanci kan so a ce mace ce za ta karɓi haihuwar matarsa ko ta duba 'yarsa, amma idan aka zo batun barin tasa 'yar ta karanci jinya ko unguwarzoma sai ya noƙe. To, in kowa ya hana tasa, 'yar wa za ta tsaya a ɗakin haihuwa? Abin da wasu suka tsaya masa ya wadatar wa al'umma, idan kowa ya bari kuma laifi ya hau kan kowa, shi malamai ke kira farilla ta kifaya, kuma ilimin magani yana cikinsa kamar yadda Imam Gazali ya bayyana a Ihya'u Ulumiddin.

Na uku, ga ɗalibai da ma'aikatan jinya. Aikin yana da gajiya: tsayuwar dare, yawan majinyata, ƙarancin kayan aiki, wani lokaci har da baƙar magana daga dangin marar lafiya. Rufaida ta yi nata da abin da bai kai na ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye ba. Abin da ta riƙe shi ne ƙwarewa da neman yardar Allah, kuma ƙofarta ba ta bambanta shugaban ƙabila da baƙon da ba a san danginsa ba. Karɓar albashi ba ya rage lada ga wanda ya kyautata niyya, sai dai sakaci da wulaƙanta majinyaci su ne ke cinye shi.

Na huɗu, ga sauran jama'a. Wadda Manzon Allah (SAW) ya ba wa wuri a masallacinsa ta cancanci girmamawa, haka ma masu bin sawunta. Kyakkyawar magana, da haƙuri a layin asibiti, da biyansu haƙƙinsu a kan lokaci, duk suna daga cikin abin da suke bin mu.

Allah Ya ƙara yarda da Rufaida da sauran sahabbai, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri. Amin.