John Williams, Maƙerin da Ya Ƙera wa Bishara Jirgi

Mu nan Saulawa da Ikara da Makarfi da Kudan mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne na rafi da fadama, wanda in ya cika a watan Agusta ya kan hana mu cin kasuwa kwana ɗaya. Saboda haka sai mai karatu ya bi mu a hankali a wannan wata, gama labarin teku za mu bayar, inda mutum ya kan yi mako biyu bai ga ko tsiron ciyawa ba.

An haifi John Williams a Tottenham, kusa da birnin Landan, a shekara ta 1796. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon aiki wurin wani mai sayar da kayan ƙarfe. Kanti aka sa shi ya tsare, amma zuciyarsa tana maƙera, har ya ƙware da guduma. Wata ran Lahadi da yamma a 1814 yana tsaye a bakin hanya yana jiran abokan shashancinsa, sai matar maigidansa ta gan shi, ta lallashe shi ya bi ta sujada. Daren nan ya ba da gaskiya. A 1816 ƙungiyar mishan ta Landan ta karɓe shi, aka keɓe shi rana ɗaya da Robert Moffat wanda ya tafi Afirka ta Kudu. Ya auri Mary, suka tashi. Sai da suka yi shekara guda a hanya kafin su kai tsibirin Moorea, kusa da Tahiti, a tsakiyar Tekun Fasifik.

A 1818 suka koma Raiatea bisa gayyatar Sarki Tamatoa. Nan ya koyi harshen mutanen, ya gina gida, ya kafa musu injin matse rake, abin da mutanen Makarfi ba sa bukatar a yi musu bayaninsa. Amma ransa bai kwanta ba. Tsibiri ɗaya ya yi masa kaɗan, ga ɗaruruwan tsibirai warwatse cikin teku, ba hanyar zuwa sai jirgi. A 1821 ya je Sidni ta Ostareliya ya sayo ɗan jirgi, da shi ya fita neman Rarotonga a 1823. Labarin tsibirin kawai ya ji, bai san inda ya ke ba. Sarkin tsibirin Atiu, Rongomatane, shi ya nuna masa: ya sa aka juya jirgin har ya daidaita da alamun da masu kwalekwalensu su ke bi a gaɓa, Williams kuwa ya duba kamfas ya riƙe. Suka yi kwanaki iska tana gāba da su, guzuri ya kusa ƙarewa, shugaban jirgi ya ce a koma. Williams ya roƙa a ba shi zuwa ƙarfe 8 na safe. Saura rabin sa'a, wanda ya hau jigo ya hango duwatsun Rarotonga. Ba shi ne Bature na fari da ya ga tsibirin ba, ko da ya ke haka ya zata. Wanda kuma ya zauna a can ya yi wa'azi har mutane suka ƙone gumakansu, ba Williams ba ne, wani mai bishara ne, sunansa Papeiha.

Jirgin nan bai daɗe a hannunsa ba. Shugabannin mishan a Landan ba su so ba, suna ganin ya shiga fatauci, aka sayar. A 1827 ya koma Rarotonga da iyalinsa da nufin 'yan watanni, amma wata ya bi wata ba jirgin da ya biyo ya ɗauke su. Sai ya ce zai ƙera nasa.

A nan ne mu ke so mu daɗe kaɗan. Ba shi da zarto, ba ƙusoshi, ba igiya, ba zanen filafilai. Kafin kome sai da zugazugi. Awaki huɗu ne a tsibirin duka, ya yanka uku ya ɗinka da fatunsu. Cikin dare ɓeraye suka cinye fatun ƙaf, suka bar masa katako. Kowane maƙeri a cikinmu ya san zafin wannan. Sai ya haɗa akwatuna na itace masu tura iska, mutum takwas ko goma su ke jan su, dutse ya zama uwar maƙera. Itatuwa kuwa tsaga su aka yi biyu da turaku, mutanen gari suka sassaƙe da gizago. In ana son katako mai lanƙwasa, sai a shiga kurmi a nemo itacen da ya lanƙwashe tun yana tsaye. Turakun itace suka tsaya a madadin ƙusoshi. An cusa ɓawon kwakwa da busasshiyar ayaba a tsakanin katakai don kada ruwa ya shiga. Igiya daga ɓawon wani itace ɗan'uwan ramarmu aka tuƙa, filafilai kuwa tabarmi ne aka haɗa. Ƙarfen da ya riƙe abin juya jirgin daga guntun diga da gizago da babbar fartanya ya ƙera shi. Cikin kamar mako 15 jirgi ya sauka ruwa, tsawonsa ƙafa 60, faɗinsa 18. Ya sa masa suna da ma'anarsa ita ce Manzon Salama.

Ran gwaji na fari jigo ɗaya ya karye, da ƙyar suka komo. Da aka gyara suka tafi Aitutaki, tafiyar da ta fi Zariya zuwa Kano nisa, tare da Makea sarkin Rarotonga. A komowa jirgin cike ya ke da aladu da kwakwa da kyanwoyi, kyanwoyin don maganin ɓerayen nan. Iska ta tashi, raƙuman ruwa suna dukan katako dare farai, Sarki Makea wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba ya tsorata ƙwarai, yana ta tambaya ko jirgin zai tsage. A 1828 Manzon Salama ya kai su Tahiti, mil wajen 700, kwatancin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko. Waɗanda suka hango shi da filafilan tabarma sun rasa ko wane irin jirgi ne.

Zaman cikin irin wannan jirgi ba hutu ba ne. A waɗannan wurare iska ta kan huro daga gabas yawancin shekara, don haka tafiya yamma da sauƙi, komowa gida kuwa sai a yi ta karkata dama da hagu, ko a jira ranar da iska ta juya. Yawancin tsibiran kuma duwatsun murjani sun kewaye su a ƙarƙashin ruwa, sai ƙofa ƙarama. In dare ya yi ba a shiga ba, dole a ja baya a kwana a kan teku. Da jirgin ya tashi daga Raiatea a watan Mayu 1830, tare da Charles Barff, yana ɗauke da masu bishara 'yan ƙasa da matansu da 'ya'yansu da kayansu, duka a wuri da bai fi zauren wani mai gari ba. Mura mai tsanani ta kama su a hanya. A tsibirin Niue an hana su sauka, Williams kuwa ya tafi da samari biyu na wurin don ya koya musu, ba da yardar danginsu ba. Wannan a ganinmu kuskure ne, ya kuwa ƙara wa mutanen Niue ƙin baƙi. A Tonga suka ɗauki wani basarake ɗan Samowa, Fauea, mai komawa gida, shi ya shige musu gaba. A watan Agusta suka sauka Sapapali'i, Sarki Malietoa ya karɓe su, suka bar masu bishara takwas a hannunsa.

A watan Disamba 1831 guguwa ta faɗa wa Rarotonga, ta rushe gidaje da ɗakin sujada, ta ɗauki jirgin ta jefa shi can kan tudu. Mary tana da ciki, ta tsira da ƙyar, jaririn bai rayu ba, kuma ba shi ne na fari da suka binne ba. Jama'ar gari suka taru suka ja jirgin zuwa ruwa. A tafiya ta biyu zuwa Samowa a 1832, Makea ɗin nan da ya tsorata ya sāke shiga. Suna tsakiyar teku a komowa aka tarar ruwa ya cika cikin jirgin, suka yi ta kwarfewa dare da rana. Sai a Tonga da aka kifa shi aka gane dalili: wani rami ne da aka huda aka manta ba a sa masa ƙarfe ba, laka ce ta toshe shi.

A 1834 ya koma Ingila. Aka buga Sabon Alkawari da harshen Rarotonga, aikin da ya yi tare da Pitman da Buzacott, ya kuma rubuta littafin tafiye-tafiyensa a 1837, aka saya ƙwarai. Da kuɗin da jama'a suka tara aka sayi jirgi sosai mai suna Camden, ya koma da shi a 1838, ya zauna a Samowa.

A watan Nuwamba 1839 ya nufi tsibiran da a yau a ke kira Banuwatu. Ya sauke masu bishara uku 'yan Samowa a Tanna. Ran 20 ga wata ya sauka Erromango tare da wani saurayi, James Harris. Mutanen wurin sun riga sun sha wuya a hannun baƙin jirage masu saran itacen ƙanshi, waɗanda suka kashe musu mutane. Ba su da hanyar rarrabe wannan farin mutum da waɗancan. Aka kashe Harris a bakin rafi, Williams ya sheƙa zuwa teku, aka cim masa cikin ruwa da kulake. Shekarunsa 43. A 1840 jirgin yaƙin Ingila ya karɓo abin da aka ba su na ƙasusuwan, aka binne a Apia.

Yaran makarantun Lahadi na Ingila suka tara kobo-kobo har fam wajen 6,000, aka sayi sabon jirgi a 1844 aka sa masa sunansa. Jirage bakwai ne suka ɗauki sunan bi da bi, sama da shekara 120. A 2009 zuriyar Williams suka je Erromango, zuriyar waɗanda suka kashe shi, waɗanda Kirista ne, suka tarye su a bakin gaɓar nan suka nemi gafara, aka sāke wa wurin suna ya koma na Williams.