Al-Kashnawi: Masanin taurarin Katsina da ya rasu a Alƙahira

Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, idan aka zo darasin sararin samaniya, zai ji sunan William Herschel, wanda tun a shekarun 1780 ya riƙa lissafa ƙananan gungun taurari masu kama da hazo a samaniyar arewa. Da wuya ya ji na Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, Herschel na ɗan shekara uku.

Bafulatani ne na ƙasar Katsina. Ya yi karatu a hannun malamai irin su Muhammad al-Wali na Bagirmi, sannan ya nufi Makka. Bayan aikin Hajji ya zauna a Masar, a gidan Hasan al-Jabarti, babban masanin falaki. A gidan ya cika, kuma Hasan ya bar wa littattafansa. Yawancin abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito ne daga alƙalamin ɗan mai masaukin nasa, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon.

Wajen 1732 ya kammala Bahjat al-Afaq, kan hatimi: murabba'in da ake jera lambobi a gidajensa ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A mai gida tara, jimlar 15 ce. Ya bayyana hanyoyin gina irinsa idan gidajen kowane gefe mara ne, kuma wannan lissafi yana nan daram har gobe. Wani littafinsa, al-Durr al-Manzum, kan taurari ne da ɗalasimai.

A nan masu yabonsa a intanet kan kauce. Bai hango wani gungun taurari da na'ura ba. Iliminsa ya cakuɗa hisabi da duba, kamar na malamai da dama a zamaninsa. Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu yana gargaɗi kan masu duba da taurari, kuma wataƙila wannan ƙyama na cikin abin da ya dusashe sunansa a gida.

Manomin Jega ko Maiyama da ke ƙidayar taurarin damina kafin shuka ya fi kusa da duniyarsa. Mai son karanta Bahjat al-Afaq kuwa, akwai kwafin rubutun hannu a makarantar SOAS da ke Landan.