Alekzanda Giraham Bel, malamin kurame

An haifi Alekzanda Giraham Bel ranar 3 ga watan Maris na shekarar 1847 a birnin Edinbara, a ƙasar Sikotland. Mahaifinsa malami ne mai koya wa mutane iya furta magana. Mahaifiyarsa kuwa ta soma kurumcewa tun Bel yana yaro.

Yaron ya lura da wani abu. Idan ya kusantar da bakinsa ga goshin mahaifiyarsa, ya yi magana da kakkaurar murya, takan gane abin da ya ce. Girgizar muryarsa ce take ji a ƙashin kanta.

Ko wane sauti girgiza ce. Ku zuba yashi kaɗan a kan fatar kalangu, sannan ku buga, za ku ga yashin yana tsalle. Fatar tana tura iskar da ke kusa da ita, wannan iska ta tura ta gabanta, har motsin ya iso dodon kunne. Yana bazuwa ne kamar yadda ruwan tabki yake yi idan an jefa dutse. A cikin iska, sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya.

Tarin fuka ya kashe ƴan'uwan Bel maza su biyu. Don haka a 1870 iyayensa suka ƙaura da shi zuwa Kanada. A 1871 ya tafi birnin Boston na Amurka, ya kama koyar da yara kurame.

Bel yana so ɗalibansa su ga sautin da ba sa ji. A 1874 wani likita ya ba shi kunnen mamaci, shi kuwa ya ɗaura siririn tsinke a jikin ƙasusuwan kunnen. Idan aka yi magana, dodon kunnen ya girgiza, sai tsinken ya zana layi mai lanƙwashe-lanƙwashe a kan gilashin da aka shafe da kunkunniya. Daga nan dabara ta zo masa: idan ƴar fata tana motsa ƙashi, ashe ɗan faifan ƙarfe zai iya mai da murya ta zama girgizar lantarki, ta bi waya. Ranar 10 ga Maris 1876 ya kira mataimakinsa Tomas Watson daga wani ɗaki ta cikin waya, Watson kuwa ya ji shi sarai. Mafarin wayar tarho ke nan.

A 1877 Bel ya auri Mabel, ɗalibarsa, wadda ta kurumce tun tana ƴar shekara 5. Ya ƙera na'urar gwada ƙarfin jin kunne. A 1880 gwamnatin Faransa ta ba shi kyautar faran 50 000, ya zuba kuɗin a aikin bincike. Amma ya fi son kurame su koyi magana da baki, bai goyi bayan maganar hannu ba. Yau an san maganar hannu cikakken harshe ce.

Abu biyu ake aunawa a sauti. Na farko, sau nawa abu yake girgiza a daƙiƙa ɗaya, ma'auninsa herz. Girgiza mai sauri tana ba da siririyar murya, mai nawa kuma kakkaura. Kunnen yaro yana jin daga herz 20 zuwa 20 000. Na biyu, ƙarfin sauti. Ma'auninsa desibel, an samo shi daga sunan Bel. Raɗa ta kai desibel 30, hira 60. Daɗewa cikin ƙarar da ta wuce 85 tana lalata kunne.

Bel ya rasu ranar 2 ga Agusta 1922 a Kanada. Ranar da aka binne shi, an tsai da wayoyin tarho na Amurka da Kanada har minti ɗaya.

Tambayoyi
1. Yaya Bel yake magana da mahaifiyarsa?
2. Me ake aunawa da herz? Me ake aunawa da desibel?
3. Wata yarinya a Moshi Zongo ta garin Tamale ta ga walƙiya. Bayan daƙiƙa 3 ta ji tsawa. Mita nawa ne tsakaninta da walƙiyar?