Dorugu, yaron Dambanas da Hausarsa ta shiga Littafi Mai Tsarki

 A filin tarihi na wannan mako mun ɗauko muku rayuwar wani ɗan ƙasar nan da ya rasu shekara ɗari da ƴan kai da suka wuce. Sunansa Dorugu. Idan ka shiga majami'a ranar Lahadi a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ka ji ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, to akwai hannun wannan bawan Allah a tushen aikin, ko da yake da yawa daga masu karatun ba su taɓa jin sunansa ba.

Yaro a hannun masu kamu

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, cikin jihar Damagaram ta yau. Mahaifinsa manomi ne, kuma makaɗi. A lokacin ƙasar Damagaram tana bin Barno, kuma hari da kamun bayi ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan yankin. Mutum na iya fita gona da safe, rana ta faɗi yana ɗaure a bayan doki.

Rashi ya fara ziyartar gidansu tun yana ƙarami. Ƴar'uwarsa ta kwanta ciwo ta rasu. Bayan haka aka kama mahaifiyarsa aka tafi da ita. Sannan abin ya zo kansa: yana da kamar shekara 11 mayaƙa suka kama shi, aka raba shi da mahaifinsa, aka kai shi birnin Damagaram, daga can sai Kukawa, hedkwatar Shehu Umar na Barno. Ya wuce daga hannu zuwa hannu kamar akuyar kasuwa, har ya faɗa gidan wani Balarabe.

Duk wannan daga bakinsa aka samo shi, domin daga baya ya zauna ya ba da labarinsa da Hausa, aka rubuta. Za mu zo wurin.

Baƙi daga Tarabulus

A shekarar 1850 gwamnatin Ingila ta turo wasu Turawa uku daga Tarabulus su ratsa Sahara su ga ƙasashen Sudan. Shugabansu James Richardson, sai Jamusawa biyu, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyar da sunan Abdulkarim, da Adolf Overweg. Sun biyo ta Ayar, har Barth ya shiga Agadas a watan Oktoba na shekarar. Richardson bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya a watan Maris na 1851.

A Kukawa Dorugu ya shiga hidimar Overweg, yana kula da raƙuma. Baturen ya biya kuɗi ya ƴanta shi, kamar yadda ya ƴanta wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. To amma daɗin bai jima ba. A watan Satumba na 1852 zazzaɓi ya kashe Overweg a bakin Tafkin Cadi, yana da shekara 30 kacal. Yaron da ya rasa uwa da uba, ga shi ya sake rasa mutumin da ya kwance masa igiya. Daga nan shi da Abbega suka koma ƙarƙashin Barth.

A ƙarshen Nuwamba na 1852 ayarin Barth ya tashi daga Kukawa ya nufi Tumbutu. Sun sauka Damagaram a ƙarshen Disamba, wato Dorugu ya sake taka garin da aka shigo da shi a matsayin bawa, wannan karo yana ɗa. Suka wuce Katsina, suka gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a yankin Wurno, suka bi ta Sakkwato da Gwandu. Ranar 20 ga Yuni 1853 suka iso bakin kogin Isa a Sayi, nan kudu da Yamai, suka haye. Sun shiga Tumbutu a watan Satumba, suka yi watanni a can cikin zullumi, ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad al-Bakkai, malamin Kunta da ya hana a taɓa baƙonsa. Da za su dawo a 1854, sai suka biyo gaɓar kogi daga Gawo har Sayi, ta yankin da babban birninmu yake a yau.

Bayan sun koma Kukawa, a 1855 suka kama hanyar arewa: Bilma, Kawar, Murzuk, har Tarabulus a ƙarshen Agusta. Ƴan'uwanmu da suka bi ta Dirku zuwa Libiya sun san abin da wannan hanya take nufi ko a cikin mota. Shi Dorugu da raƙumi da ƙafa ya yi ta, bai wuce shekara 15 ba. Suka shiga jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, ranar 6 ga Satumba 1855 suka sauka Landan. Barth ya kuma tafi da su Jamus, suka ga garinsu Hamburg da birnin Berlin.

Gidan fasto Schön

A Ingila akwai wani fasto Bajamushe, James Frederick Schön, da ya daɗe yana fama da Hausa. Ya yi aikin mishan a Saliyo tun daga 1832, inda ya fara tsintar harshen a bakin Hausawan da aka kuɓutar daga jiragen masu fataucin bayi. A 1841 ya shiga tafiyar kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, a 1843 kuma ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a garin Chatham. Ƙasar Hausa kanta bai taɓa taka ta ba. Kun ga ke nan, mutumin da ke son fassara Littafi Mai Tsarki, ba shi da wanda zai tambaya, sai ga yaro Bahaushe an kawo masa har ƙofar gida.

Barth ya so a mayar da yaran ƙasarsu kamar yadda ya yi niyya tun farko, Schön kuma ya riƙe su, abin har ya jawo ɓacin rai tsakanin Turawan biyu. A 1857 aka yi wa samarin baftisma. Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega, ya koma Afirka a shekarar, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya karɓi sunan James Henry, ya zauna gidan Schön har 1864.

A waɗannan shekaru ne aikin ya yi gudu. Bishara ta hannun Matiyu ta fito da Hausa a 1857, Littafin Farawa a 1858, Littafin Fitowa a 1859. Nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, ƙamus ɗinsa a 1876, Sabon Alkawari gaba ɗaya a 1880. Sunan fasto ne a bangon littattafan, shi ne ya san harsunan asali, shi aka ba lambar yabo ta Volney a Faransa, Jami'ar Oxford kuma ta karrama shi. Amma mai fassara kullum yana bukatar ɗan gida. Yaya Bahaushe ke cewa gafara? Wace kalma ce ta dace da alkawari, da hadaya, da makoki? Mene ne bambancin bawa da bara? Wanda ke zaune kusa da shi yana amsa irin waɗannan tambayoyi, yana maimaita jimla har ta zauna, shi ne yaron Dambanas.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Littafin Farawa shi ne mai ɗauke da labarin Yusufu, labarin da Musulmi da Kirista duk suka sani. Yaro ne aka fizge daga gaban mahaifinsa, aka sayar wa fatake masu raƙuma, aka kai shi baƙuwar ƙasa ya yi bauta a gidan wani, uban kuma ya zauna yana kuka ya ƙi yarda a ta'azantar da shi. Littafin Fitowa kuwa labarin bayi ne da kukansu ya kai ga Allah, ya fitar da su ta hanyar hamada. Ku auna da kanku: wanda ake tambaya yadda za a faɗi waɗannan abubuwa da Hausa, an sayar da shi a kasuwa, ya ratsa hamada, kuma ya bar uba a baya. Kalmomin ɗauri da ciniki da kewa bai koye su a littafi ba. Masu wa'azi a majami'u kan ce darasin Yusufu shi ne, mugun nufin mutane bai hana Allah fitar da alheri daga cikinsa ba. Wannan darasi bai wanke masu kamun bayi ba, bai kuma mayar wa Dorugu da mahaifiyarsa ba. Abin da ya nuna shi ne, yaron da aka ƙiyasta kuɗinsa kamar na dabba ya bar abin da ya fi ƙarfin kuɗi.

Labarinsa da bakinsa

Ban da aikin fassara, Schön ya sa Dorugu ya ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyin da ya ji yana yaro. An buga su a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Yana cikin rubutattun labaran rayuwa na farko da aka buga da Hausar boko. Rubutun ya sha bamban da namu na yau, domin a lokacin Turawa ba su rarrabe k da ƙ ba, ko d da ɗ, amma idan aka karanta da ƙarfi, muryar yaron ƙasar Damagaram ce ake ji.

Abin sha'awa a ciki, Turawa sun saba zuwa su kalle mu su rubuta. A nan kuwa Bahaushe ne ya kalle su. Ya bayyana yadda suke zama cin abinci, da yadda suke karɓar baƙi, da irin suturarsu, da idon baƙo mai lura wanda abin ke ba shi mamaki wani lokaci kuma dariya. Duk ɗanmu da ya taɓa sauka Turai ya zauna gaban cokula da wuƙaƙe bai san da wanne zai fara ba, ya sani wani ɗan Kance ya riga shi tun 1855. A 1971 masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara labarin zuwa Ingilishi, shi ya sa jami'o'in duniya suka san Dorugu fiye da yadda aka san shi a gida.

Komawa da ƙarshen rayuwa

A 1864 ya dawo Afirka ta Yamma, yana da Ingilishi a baki da karatu a hannu. Ya yi shekaru yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Da tsufa ya kama shi, sai ga shi a Kano, a makarantar boko da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Shi ma Ɗan Hausa ya ratsa hanyar Tarabulus zuwa Kukawa a 1906, wato hanyar da Dorugu ya bi shekara 51 kafin nan, sai dai shi daga arewa ya gangaro. A wannan makaranta tsohon ya koyar da karatu da rubutun boko. Ya rasu a Kano a 1912, yana da shekara 70 da ƴan kai, a wurin da bai kai kilomita 200 daga ƙauyen da aka haife shi ba.

Aikin da ya sa wa hannu bai tsaya ba. Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka ɗora, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. A ɓangaren Nijar, ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, Katolika suka kafa mishan a Yamai a 1931, asibitin Galmi ya buɗe a 1950, kuma har yau marasa lafiya na kowane addini suna zuwa can neman magani. Kiristocin ƙasar nan ƴan kaɗan ne a cikin al'umma, amma a wurin jana'izarsu, da addu'ar da ake yi a gefen gadon majinyaci, da karatun safiya a gidajensu, da yawa Hausa ce ke fita. Uwa da ta binne ɗanta a Tsibiri ta ji kalmar ta'aziyya da harshen da ta sha a nono, ba ta bukatar tafinta.

Bautar da ta raba Dorugu da iyayensa ma ba tatsuniya ba ce da ta ƙare tuntuni. Sai a 2003 Nijar ta sa hukuncinta a fili cikin dokar laifuffuka. Shi ya sa labarin wannan yaro ya shafi kowa, Musulmi da Kirista, na gida da na waje.

Ƴan'uwa na ƙetare, ku da ƴaƴanku ke tasowa da Faransanci ko Ingilishi ko Larabci, ku tuna Dorugu ya isa Landan ba kuɗi, ba dangi, ba takarda. Hausar da ya fito da ita daga gidan ubansa ita ce kawai guzurinsa, ita ce kuma ta sa muke ambatonsa yau. Ku kuma mutanen Kance da Matamaye da kewaye, idan akwai dattijon da ya gaji wani labari game da Dambanas, ko game da hare-haren wancan zamani da waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba, a zauna da shi a ɗauki muryarsa, a aiko mana, mu sa a filin nan. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.