Dakta Bala Usman: Ɗan sarautar da aka kora daga jami'a saboda faɗin albarkacin baki

A 1975, shekarar da aka kafa Jami'ar Sakkwato da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, masana sun hallara a birnin Shehu domin nazarin tarihin Daular Usmaniyya. Wanda ya tace takardun taron ya mayar da su littafi a 1979 shi ne Dakta Yusufu Bala Usman, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Sai dai jama'a sun fi saninsa da rashin tsoron masu mulki.

An haife shi a Musawa a 1945. Mahaifinsa Durɓin Katsina ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Lancaster da ke Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya kammala digirin digirgir a 1974 kan tarihin Katsina.

Duk da cewa a gidan sarauta ya tashi, ɓangaren talakawa ya zaɓa. Da aka saka shi a kwamitin tsara kundin tsarin mulki a 1975, shi da Dakta Segun Osoba sun ƙi amincewa da daftarin masu rinjaye, suka rubuta nasu daban. Daga baya ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin jam'iyyar PRP.

Gwaji mafi tsanani ya zo a mulkin Janar Ibrahim Babangida. A watan Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wuta kan ɗaliban ABU masu zanga-zanga, aka rasa rayuka. Kwamitin bincike na Janar Emmanuel Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba a ɗauke su aiki don shi ba. A 1988 aka tasa ƙeyar malamin jami'ar Patrick Wilmot daga ƙasar.

Wannan bai sa Bala Usman ya yi gum ba. A 1987 ya fitar da littafi kan yadda masu neman mulki da dukiya ke fakewa da addini suna raba kan talakawa. A 1989 gwamnati ta sallame shi daga aiki bisa zargin shiga siyasa. Ya garzaya kotu, ya yi nasara, ya koma aji.

Abin da ya sa murƙushe shi ya yi wuya shi ne ba ya magana sai da hujja: takardu, alƙaluma da sunaye. Ko abokan hamayyarsa sai sun shirya kafin su tanka masa. Daga baya ya kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya, inda ya rasu ranar 24 ga Satumban 2005.

Yau fagen muhawarar ɗalibai ya koma Facebook da X, amma barazanar tana nan. A 2022 an tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan saƙon da ya wallafa game da uwargidan shugaban ƙasa, Aisha Buhari, kafin a janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Rayuwar Bala Usman ta bar darasi biyu: hukuma ta daina ganin mai suka a matsayin maƙiyi, mai suka kuma ya tanadi hujjarsa kafin ya buɗe baki.